Sharhi Kan Shirin Kwaikwayon Rikicin Makaman Kyuba da Ake Gudanar wa Ɗaliban Sakandare

Daga cikin hidimomin da cibiyoyi masu zaman kansu suke tallata wa makarantu a 'yan shekarun nan akwai shirin kwaikwayon diflomasiyya, inda ake ɗauko wani rikici na tarihi a raba wa ɗalibai matsayin shugabannin da suka yi fama da shi, sannan a bar su su nemi mafita da kansu cikin ƙayyadadden lokaci. Makarantar da nake koyar da tarihi ta ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan cibiyoyi domin ta gudanar wa 'yan aji biyar da 'yan aji shida kwaikwayon rikicin makamai masu linzami na Kyuba, wato takaddamar da ta kai Amurka da Tarayyar Sobiyet gab da yaƙin nukiliya a watan Oktoban 1962. A ganina kuɗin da aka biya bai tafi a banza ba, domin shirin ya koya wa yara abin da allo da alli ba sa iya koyarwa, wato yadda ake yanke shawara mai nauyi alhali mai yankewar bai san rabin abin da ke faruwa ba. Sai dai akwai giɓi guda biyu a cikinsa waɗanda ya kamata duk malamin da zai ɗauke shi ya sani tun kafin ya sa hannu a kan yarjejeniya, kuma ɗaya daga cikinsu yana iya rusa darasin baki ɗaya idan ba a toshe shi ba.

Tun kafin ranar shirin, cibiyar ta aiko da ƙunshin takardu domin ɗalibai su karanta a gida, kuma an tsara shi da kyau. Ya fara ne daga watan Janairun 1959, lokacin da Fidel Castro ya kifar da gwamnatin Fulgencio Batista a Kyuba, ya biyo ta kan harin watan Afrilun 1961 da 'yan gudun hijirar Kyuba kimanin 1,400 suka kai gaɓar Playa Girón da goyon bayan hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA, harin da ya ƙare da shan kaye cikin kwana uku. Abin da ya fi burge ni a ƙunshin shi ne taswirar da ke tsakiyarsa, wadda ta nuna Kyuba mai tazarar kilomita 145 kacal daga jihar Filorida, a gefe guda kuma ta nuna makamai masu linzami 15 samfurin Jupiter da Amurka ta girke a Turkiyya, ƙasar da a lokacin take da iyaka da Tarayyar Sobiyet, da wasu 30 a Italiya. Duk ɗalibin da ya ƙura wa wannan taswira ido ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane cewa shugaban Tarayyar Sobiyet, Nikita Khrushchev, bai tashi haka kawai ya aika makamai Kyuba ba. Yana son kare ƙawarsa daga wani sabon hari, yana kuma son rage ratar da Amurka ta ba ƙasarsa a yawan makaman da za su iya kaiwa ga abokin gaba.

A ranar shirin masu gudanarwa sun karɓi ajujuwa uku da babban zauren taro. Aji ɗaya ya zama Washinton, ɗaya Mosko, ɗaya Habana, zauren kuma ya zama Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. An ba kowane ɗalibi kati mai ɗauke da sunan wanda zai wakilta, da muƙaminsa, da abin da ya sani, da kuma abin da yake tsoro. An haramta wa 'yan wani ɗaki su leƙa wani, an kuma raba wunin zuwa zagaye-zagaye, kowanne yana wakiltar kwana ɗaya ko biyu daga ranar 16 zuwa 28 ga Oktoba. Saboda yawan ɗalibai sai aka raba kowane ɗaki gida biyu, aka gudanar da kwaikwayo biyu kafaɗa da kafaɗa, abin da ya yi amfani ƙwarai daga baya.

Na zauna a ɗakin Washinton lokacin da aka buɗe ambulan ɗin farko. A ciki akwai kwafin hoton da jirgin leƙen asiri samfurin U-2 ya ɗauka ranar 14 ga Oktoba a kusa da garin San Cristóbal da ke yammacin Kyuba. Ɗaliban suka yi ta miƙa wa juna hoton suna juya shi, ba su ga komai ba sai bishiyoyi da wasu 'yan layuka farare, har sai da mai gudanarwa ya nuna musu da bakin biro inda tantuna da motocin ɗaukar makaman suke. Haka abin ya kasance ga Shugaba John Kennedy da mashawartansa a safiyar 16 ga Oktoba, domin su ma sai da ƙwararren mai nazarin hotuna Arthur Lundahl ya yi musu bayani kafin su gane abin da ke gabansu. Daga nan muhawara ta kaure. Yaron da ke wakiltar Janar Curtis LeMay, shugaban rundunar sojan sama, ya miƙe ya fuskanci wanda ke kan kujerar shugaban ƙasa ya ce, “Ranka ya daɗe, idan muka tsaya jira har suka gama harhaɗa su, to magana ta ƙare, gara mu kai musu hari yau.” Kusan kowa a ɗakin ya gyaɗa kai. Sai yarinyar da ke riƙe da katin Robert McNamara, sakataren tsaro, wadda a aji ba ta cika magana ba, ta juya gare shi ta ce, “Janar, ka tabbata jiragenka za su lalata su duka? Idan guda ɗaya ya tsira fa, wane gari za mu ba da?” Mai gudanarwa bai tsoma baki ba, sai dai ya ajiye musu wani kati a kan tebur, wanda ke cewa a ranar 21 ga Oktoba Janar Walter Sweeney, wanda shi zai jagoranci harin, ya shaida wa Kennedy cewa ba zai iya ba da tabbacin lalata dukan makaman ba. Wannan salo na barin yara su yi karo da tambayar da kansu kafin a ba su hujjar tarihi shi ne ƙarfin shirin, kuma masu gudanarwar sun iya shi. Ɗakin ya karkata zuwa ga tare jiragen ruwan da ke kai makamai Kyuba, matakin da Kennedy ya sanar a talabijin ranar 22 ga Oktoba kuma ya fara aiki ranar 24.

Dokar da ta fi ba ɗalibai haushi, kuma wadda ta fi koya musu darasi, ita ce ta aika saƙo. Duk wasiƙar da wani ɗaki zai aika wa wani sai an rubuta ta da hannu an danƙa wa mai gudanarwa, shi kuma ya riƙe ta a aljihu har zagaye guda ya wuce kafin ya isar. 'Yan ɗakin Mosko sun rubuta wasiƙa mai taushi suna neman a sasanta, suka zauna jiran amsa, da suka ji shiru sai suka ɗauka an raina su, suka aika ta biyu mai zafi. Wasiƙun biyu suka iso Washinton kusan lokaci ɗaya, ɗakin ya rabu a kan wacce ce ainihin muryar Mosko. Da wani ɗalibi ya koka yana cewa, “Malam, ai wannan zalunci ne, saƙonmu yana hannunka ka ƙi kaiwa,” sai mai gudanarwa ya karanta musu cewa doguwar wasiƙar da Khrushchev ya aika ranar 26 ga Oktoba ta ɗauki kusan sa'o'i 12 kafin ta gama isa Washinton, saboda sai an fassara ta, an mai da ita rubutun sirri, an aika ta kashi-kashi. Jakadan Sobiyet a Amurka, Anatoly Dobrynin, ya ba da labarin cewa ɗan saƙon kamfanin wayar tangaraho ne yake zuwa ofishinsa a kan keke ya karɓi saƙonnin da za a aika Mosko. Wannan jinkiri ne ya sa Khrushchev ya koma aika saƙonsa ta gidan rediyon Mosko a ranakun 27 da 28, shi ne kuma dalilin da ƙasashen biyu suka ƙulla yarjejeniyar kafa layin sadarwa kai tsaye tsakanin manyan biranensu a watan Yunin 1963. Na sha koyar da wannan yarjejeniya a matsayin kwanan wata da ake haddacewa domin jarrabawa, amma ɗaliban da suka zauna suna jiran takardar da ke aljihun mai gudanarwa sun fahimci amfaninta ta wata hanya dabam.

Aski ya zo gaban goshi ne a zagayen da ke wakiltar Asabar, 27 ga Oktoba. Masu gudanarwa suka shiga ajiye katunan abubuwan da babu wani ɗaki da ya ba da umarninsu. An harbo jirgin U-2 a gabashin Kyuba, matuƙinsa Manjo Rudolf Anderson ya rasu, kuma hafsoshin Sobiyet da ke tsibirin ne suka yanke wannan shawara ba tare da izinin Khrushchev ba. Wani jirgin U-2 da ya tashi daga Alaska ya ɓata hanya ya faɗa sararin samaniyar Sobiyet. A cikin teku kuma jiragen yaƙin Amurka sun yi wa jirgin ƙarƙashin ruwa na Sobiyet mai lamba B-59 ƙawanya suna jefa masa ƙananan nakiyoyin gargaɗi domin ya fito, ba tare da sanin cewa yana ɗauke da makamin nukiliya ba, kuma bisa labarin da wasu daga cikin ma'aikatansa suka bayar daga baya, hafsa Vasili Arkhipov ne ya taimaka wajen kwantar da hankalin kaftin ɗin. A ɗakin Mosko na ga yaron da ke wakiltar Khrushchev yana bin abokansa ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wanda ya ba da umarnin harbo jirgin, kowa yana rantsuwa ba shi ba ne. Matasa suna girma da tunanin cewa shugaba yana riƙe da linzamin komai, kuma ban san wata hanya da ta fi wannan saurin gyara musu wannan tunani ba.

Rukuni ɗaya ya cim ma sulhu kafin lokaci ya ƙare, ɗayan kuwa ya ba da umarnin mamaye Kyuba bayan harbo jirgin. Ga wannan rukuni na biyu aka buɗe ambulan na ƙarshe. Hukumomin leƙen asirin Amurka sun ƙiyasta cewa sojan Sobiyet da ke Kyuba ba su wuce 10,000 ba, alhali sun kai kimanin 42,000, kuma ban da manyan makaman da aka gani a hoto suna da ƙananan makaman nukiliya masu gajeren zango da za a iya harba wa rundunar da ta sauka a gaɓar teku. Shi kansa McNamara bai ji wannan bayani ba sai a wani taro da aka yi a Habana a 1992, daga bakin Janar Anatoly Gribkov na sojan Sobiyet. Ɗaliban da suka yi ta tafi lokacin da shugabansu ya sa hannu a kan umarnin sun karanta takardar sau biyu, kuma muhawarar da ta biyo baya tsakaninsu da 'yan rukunin farko ta fi duk wadda na taɓa gani a ajina armashi.

Giɓi na farko yana ɗakin Habana. An zuba ɗalibai kaɗan a cikinsa, katunansu gajeru ne, kuma ba a ba su damar aika saƙo ga kowa ba sai Mosko, saboda haka suka shafe mafi yawan wunin a zaune. Shirin ya ɗauki Kyuba tamkar filin dambe, wanda ake dambatawa a kansa amma ba a tambayarsa ra'ayi. Masu gudanarwa sun kare kansu da cewa haka tarihin yake, tunda Khrushchev ya sanar da janye makaman ranar 28 ga Oktoba ba tare da ya shawarci Castro ba. Wannan gaskiya ne, amma bai isa hujja ba, domin Kyuba ta yi motsi da yawa waɗanda suka shafi yadda al'amarin ya gudana. Castro ya tara dakaru masu ɗimbin yawa cikin shirin ko-ta-kwana, ya ba sojansa umarnin harbin jiragen Amurka masu shawagi ƙasa-ƙasa, kuma a daren 26 ga Oktoba ya aika wa Khrushchev wasiƙa yana ba shi shawarar kada ya bari Amurka ta riga shi kai harin nukiliya idan har ta mamaye tsibirin, wasiƙar da ta ƙara wa Khrushchev fargaba. Bayan sulhun Castro ya gindaya sharuɗɗa biyar, ciki har da ɗage takunkumin tattalin arziki da mayar wa Kyuba sansanin sojan ruwan Amurka da ke Guantanamo, ya kuma ƙi yarda masu bincike su shiga ƙasarsa duk da zuwan da muƙaddashin Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, U Thant, ya yi Habana ranar 30 ga Oktoba. Sai da Anastas Mikoyan, mataimakin Khrushchev, ya shafe makonni a can yana lallashi, aka kuma amince da kwashe jiragen yaƙin Sobiyet samfurin Il-28 daga tsibirin, kafin Amurka ta janye jiragen ruwanta ranar 20 ga Nuwamba. Shirin ya tsaya a ranar 28 ga Oktoba, bai taɓo ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Haka nan zauren Majalisar Ɗinkin Duniya an taƙaita shi ga arangamar ranar 25 ga Oktoba, inda jakadan Amurka Adlai Stevenson ya baje hotunan makaman a gaban jakadan Sobiyet Valerian Zorin. Wannan ya ba ni takaici, domin a shekarar 1962 Gana tana da kujera a Kwamitin Sulhu, kuma ita da Masar, wadda a lokacin ake kira Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, suka gabatar da ƙuduri suna neman U Thant ya shiga tsakani. Gini ta Sékou Touré da Senegal ta Léopold Senghor kuwa sun hana jiragen saman Sobiyet sauka a Konakiri da Dakar domin shan mai a kan hanyarsu ta zuwa Kyuba. Ɗaliban Afirka ta Yamma suna da haƙƙin sanin cewa maƙwabtansu sun yanke shawara a wannan rikici, kuma kujerar ƙaramar ƙasa da manyan ƙasashe ke matsa wa lamba ita ce ta fi kusa da wadda wasunsu za su zauna a kai nan gaba.

Giɓi na biyu ya fi na farko haɗari, kuma ya shafi yadda ake ba da maki da yadda ake rufe shirin. Takardar makin tana saka wa ɗalibi a kan abin da ya samo wa ƙasarsa a bainar jama'a, tana kuma rage masa a kan duk abin da ya sallama. Saboda haka yaron da ya wakilci Stevenson, wanda ya ba da shawarar a yi musayar makaman Turkiyya da na Kyuba, shi ya tashi da maki mafi ƙaranci a ɗakinsa. Stevenson na gaskiya ma ya kawo wannan shawara ranar 20 ga Oktoba, kuma daga baya an zarge shi da rauni a jarida, alhali abin da ya faɗa shi aka yi a ɓoye. A daren 27 ga Oktoba Robert Kennedy, ƙanen shugaban ƙasa kuma ministan shari'a, ya gana da Dobrynin ya tabbatar masa cewa ban da alƙawarin da Amurka za ta yi a fili na cewa ba za ta mamaye Kyuba ba, za a kwashe makaman Jupiter daga Turkiyya cikin wata huɗu zuwa biyar, da sharaɗin kada a bayyana hakan. An kwashe su a watan Afrilun 1963. An ci gaba da rufe wannan sirri shekaru da dama, har sai da Theodore Sorensen, mai rubuta wa Kennedy jawabai, ya amsa shi a fili a wani taro a Mosko a 1989. Duk tsawon wannan lokaci jama'a suna ɗauka cewa tsayin daka ne kawai ya sa Khrushchev ya ja da baya.

A bitar ƙarshe masu gudanarwa sun ambaci wannan musaya a jimla ɗaya tak, saboda lokaci ya ƙure kuma motocin ɗaukar ɗalibai suna jira a bakin ƙofa. Sannan suka raba takardun yabo ga waɗanda suka fi maki, wato waɗanda suka fi taurin kai. Shirin da ya shafe wuni yana nuna wa yara cewa shugabannin biyu sun tsira ne saboda kowannensu ya bar wa ɗan'uwansa ƙofar fita, sai ya ƙare da karrama wanda ya ƙi sassautawa. Dole ta sa na sadaukar da darussan makon da ya biyo baya wajen gyara wannan, kuma malamin da bai san tarihin sosai ba zai iya barin ɗalibansa su tafi da akasin abin da ya faru.

Ta fuskar gudanarwa ba ni da ƙorafi mai yawa. Ma'aikatan sun iso a kan lokaci, sun zo da majigi da janaretonsu, suna kuma girmama ɗalibai da malamai. Takardun duka da Turanci suke, kuma wasu sun yi wa 'yan aji biyar nauyi, amma an bar yara su yi shawara a tsakaninsu da Hausa, sai dai wasiƙu da jawabai a yi su da Turanci, wanda ya sa waɗanda harshen bai zauna musu ba suka shiga muhawarar sosai. Ana biyan kuɗin ne a kan kowane ɗalibi, kuma zai yi wa yawancin makarantun gwamnati tsada sai dai idan ƙungiyar iyaye da malamai ko ta tsofaffin ɗalibai ta tallafa. Cibiyar tana tattara katunanta da ambulan-ambulan ta tafi da su, ƙunshin karatu da taswira kawai take bari.

Makarantar da ke da malamin tarihi ko na darasin gwamnati wanda zai iya ɗorawa daga inda shirin ya tsaya za ta amfana da shi ƙwarai, musamman ga 'yan aji shida. Ina ba da shawarar a nemi cibiyar tun wajen ciniki ta raba shirin zuwa wuni biyu domin bita ta samu safiya guda cur, ta ƙara wa ɗakin Habana ɗalibai da katuna tare da tsawaita kwaikwayon zuwa 20 ga Nuwamba, ta sanya kujerar Gana a zauren Kwamitin Sulhu, sannan ta sake fasalin takardar maki yadda za a lissafa yarjejeniyar sirri da kauce wa yaƙi a cikin abin da ɗalibi ya samo wa ƙasarsa. Shugabar tawagar ta shaida mini cewa uku na farko ba za su yi musu wuya ba idan aka sanar da su da wuri, amma sauya takardar maki sai da amincewar ofishinsu, saboda haka ya kamata a rubuta wannan sharaɗi a cikin yarjejeniya kafin a biya kashin farko na kuɗin.